Dariya Ta Isa Yerwa, Saƙon Fa?

Jama'a, akwai wata tambaya da ke yawo tsakanin samarinmu masu wasa da wayar hannu, tun daga Agege da Idi-Araba har Sabon Badun da Fatakwal, kuma mu masu riƙe da alƙalami ba mu tsira daga gare ta ba. Tambayar ita ce: in mutum yana da magana a cikinsa game da halin da gida ke ciki, wanne ya fi isar da ita, ya faɗe ta cikin raha, ko kuwa ya murtuke fuska ya faɗi tsagwaronta? Masu raha suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce yaro zai ɗauki bidiyon kansa na minti ɗaya yana kwaikwayon wani ciyaman ko kwamishina, kafin la'asar dubban mutane sun gani sun tura wa 'yan'uwansu. Malami kuwa ya kwana yana tsara sharhi mai kan gado, a ƙarshe daga shi sai abokansa biyar suka karanta. To, in haka ne, ina amfanin wahala?

Ni a ganina mudun da ake awo da shi ne bai cika ba. Ana ƙirga yawan waɗanda suka yi dariya, an manta da tambayar abin da ya saura a kan mutum bayan dariyar ta wuce, an kuma manta da wanda aka yi dariyar a kansa. Babu inda za a gane wannan kamar Maiduguri, domin gari ne da ya sha wuya iri iri a cikin shekarun nan, kuma kowace wuya ya sha sai an sami masu sharhi a kanta, an sami masu raha.

Kada wani ya ɗauka raina wasa nake yi. Mutanen Barno ba baƙin raha ba ne. Duk wanda ya taɓa zama a tashar mota ko a kara, ya ga yadda Babarbare da Bafillace suke cin naman juna da baki: wannan ya ce wancan bawansa ne, wancan ya ce ai kakansa ne ya sayi kakan wannan da ƙwaryar nono, jama'a na ta ƙyaƙyatawa, ba mai fushi. Amma a tuna abin da ke ƙarƙashin wannan wasa. A shekarar 1808 mayaƙan jihadi suka ci Birnin Ngazargamu, hedkwatar daular Barno, bayan haka kuma Shehu Muhammadu El-Kanemi da Muhammadu Bello suka yi ta musayar wasiƙu masu zafi, kowa yana kafa hujja da littafi a kan halacci ko haramcin yaƙin. Watau an zub da jini, an kuma yi magana ta gaske ido da ido, har kowa ya san inda ɗan'uwansa ya tsaya. Wasan da muke gani yau a kan wancan tabo yake zaune. Irinsa ne tsakanin Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zazzagawa, har ma Gobirawa da Yarbawa waɗanda muke cin abinci a ƙasarsu.

Shi wannan wasa na iyaye da kakanni yana da sharuɗɗa, ko da yake ba a rubuta su a takarda ba. Mai tsokana da wanda ake tsokana sun san juna. Suna wuri ɗaya, kowa na ganin fuskar kowa, in magana ta fara zafi mai yinta zai gani a ido ya sassauta. Wanda aka jefa da magana yana da ikon ramawa nan take, wani lokaci ma ramuwar ta fi ta farko daɗi. Babban sharaɗi kuma shi ne, taubashinka da zai tare ka a watan Cika-ciki ya ce sai ka ba shi kuɗin shara, ran da gobara ta kama rumfarka shi ne na farko da zai zo da bokitin ruwa. Ranar ba ya yi maka wasa. Ya san lokaci.

Marigayi Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja Mazan Fama, ya shekara da shekaru yana sa mutane dariya da halin soja a bariki, a zamanin da soja ke mulki, zamanin da farar hula ba ya iya ɗaga ido ya kalli kofur. Me ya sa aka ƙyale shi, har sojan ma suka fi kowa son wasan? Domin shi kansa ya sa kaki ya yi aikin. Ɗan gida ne yake faɗin aibin gida.

To, wayar hannu ta zo ta kwance waɗannan sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya. Wasan da ka yi a teburin mai shayi a Mile 12 don mutum shida da suka san halinka, in ka saka shi a Facebook ko TikTok, zai je hannun wanda bai taɓa ganinka ba, a lokacin da ba kai ka zaɓa ba, kuma ba za ka ga fuskarsa ba balle ka sassauta. Kai kana ganin adadin masu dariya yana hauhawa, ranka ya yi fari. Wanda maganar ta soka ba ya cikin wannan adadi, shi shiru ya yi ya ajiye waya.

Mu koma kan abin da ya faru a Maiduguri. Cikin daren Litinin wayewar Talata, ran 10 ga watan Satumba 2024, ruwan madatsar Alau, wadda aka gina a kan kogin Ngadda tsakanin 1984 da 1986, ya ɓalle ya afka wa gari mutane na barci. Ya shiga Gwange da Gamboru da Shehuri, ya shiga Kasuwar Monde wadda ba ta daɗe da farfaɗowa daga gobarar watan Fabrairu 2023 ba, ya shiga fadar Shehun Barno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya haye gadar titin da suke kira titin Legas. Gwamna Babagana Umara Zulum ya ce abin ya shafi mutum wajen miliyan ɗaya. Dubban ɗaruruwa suka rasa wurin kwana, har aka sake buɗe sansanin Bakassi, wanda gwamnati ta rufe tun 2021 da murnar cewa zaman gudun hijira ya ƙare. Lissafin farko na hukuma ya ce fiye da mutum 30 sun rasu. Mutanen gari ba su ga irin wannan ruwa ba tun na 1994, shekara 30 cif.

Cikin wannan masifa abubuwa biyu suka faru waɗanda suka zama abincin masu raha. Bangon gidan yari ya rushe, Hukumar Gidajen Yari ta ce fursuna 281 suka tsere. Ruwa kuma ya shiga gidan namun daji na Sanda Kyarimi, hukumar wurin ta ba da sanarwar cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu, ta gargaɗi jama'a su yi hattara domin kadoji da macizai sun bi ruwa sun shiga unguwanni. Aka ga bidiyon jimina tana yawo a kan titi. Haba, sai wasa ya ɓarke ko'ina cikin ƙasa. Kowa da irin tasa, wani a kan kada ya shigo gari neman ɗakin haya, wani a kan fursunan da ruwa ya yi wa beli.

Ba na musu, wasu daga cikin maganganun suna da ban dariya. Amma mai karatu ya tsaya ya yi tunanin inda suka sauka. Matar da ke zaune a kan rufin kwano a Gwange da yara uku, ruwa ya kewaye ta, cajin wayarta na gab da ƙarewa tana jiran kwalekwalen soja, in ta buɗe wayar ta ga labarin kada mai neman haya, a wurinta wannan kada na gaske ne, yana iya kasancewa a ƙarƙashin katangar da take kallo. Ɗan Bama ko Gwoza da ke acaba a Ikko, wanda ya bar tsohuwarsa a Yerwa domin can ne ta sami mafaka bayan an kore su daga ƙauye, ya kira waya sau ashirin ba ta shiga, shi ma a wayar nan tasa yake ganin wasan. Kuma sau da yawa ba baƙo ba ne ya turo masa. Ɗan'uwansa ne ɗan Arewa, wanda suke jam'i ɗaya a masallacin zango.

Abin lura shi ne su mutanen Maiduguri sun yi rahar kansu, kuma tasu daban take. Mutumin da ya yi asarar shago ya tsaya cikin taɓo har gwiwa yana tsokanar maƙwabcinsa wanda shi ma ya yi asara, wannan magani ne, da shi suke samun ƙarfin ɗaukar shebur. Haka suka yi sa'ad da 'yan ta'adda suka fasa turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu cikin Janairu 2021, aka gyara cikin Maris aka sake fasawa bayan 'yan kwanaki, gari ya zauna cikin duhu wata da watanni. Wanda ya kwana cikin zafin Yerwa babu fanka yana da lasisin yi wa duhun wasa. Kalma ɗaya ce, amma daga bakin mai ciwo ta zama haƙuri, daga bakin ɗan kallo ta zama izgili.

Mu mazauna Kurmi bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, domin mun san ɗanɗanonsa a harshenmu. Wane ne cikinmu ba a taɓa kiransa "aboki" da irin muryar nan ba, muryar da ba abota a cikinta? A shekarun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, wane mai gadi ko mai yankan farce ko mai tura baro ne bai ji an nuna jakarsa an ce a yi hattara da bom ba, 'yan mota suka fashe da dariya? Shi mai faɗin ya koma gida yana ganin ya iya barkwanci, ai ga shi kowa ya dara. Da za a tambaye shi ko wasansa ya karɓu sai ya rantse ya karɓu. Kai ka san abin da ka haɗiye. Kuma ka san irin wannan wasa ba ya tsayawa a wasa: a watan Yuni 2014 sojoji suka tare matafiya 486 'yan Arewa a Jihar Abiya, suna kan hanyarsu ta zuwa Fatakwal, aka tsare su bisa zaton Boko Haram ne. Zaton da ya daɗe yana yawo a baki da sunan raha, shi ne ya tsaya a kan hanya da bindiga. Abin da ba mu so a yi mana a Oshodi, bai dace mu aika da shi Yerwa ba don kawai addini da harshe sun haɗa mu.

Wannan ɓangare ɗaya ke nan. Akwai na biyu, kuma a wurina ya fi nauyi. Raha doki ce mai gudu, amma ba ta ɗaukar kaya da yawa. Labarin kada ya kai ko'ina cikin yini ɗaya. Tambayoyin da ya kamata su kai ko'ina ba su da ban dariya ko kaɗan, sabo da haka suka yi ta rarrafe. Kwanaki kaɗan kafin ruwan, wata tawagar gwamnatin jiha ta je ta duba madatsar, ta dawo ta ce wa jama'a babu abin tsoro. A kan wace shaida? Madatsar tana hannun Hukumar Raya Tafkin Chadi ta Gwamnatin Tarayya, kuma 'yan jarida da suka bi kasafin kuɗi shekara shekara sun tarar an sha ware kuɗi da sunan gyaranta. Nawa aka saki, wa ya karɓa, me aka gyara? Bayan abin ya faru Ministan Albarkatun Ruwa, Joseph Utsev, ya ce madatsar ba rushewa ta yi ba, ruwa ne ya fi ƙarfinta ya tumbatsa. To, yashi da taɓon da suka taru a cikinta tun 1986, yaushe rabon a kwashe su? Gudummawar biliyoyin naira da gwamnoni da attajirai suka yi alkawari a gaban kyamara, nawa ta shigo hannu, ta wace hanya aka raba?

Waɗannan tambayoyi ba sa shiga bidiyon minti ɗaya. Sai mutum ya zauna da takardu, ya haɗa lamba da lamba, ya rubuta abin da zai gunduri mai karatu. Wanda ya yi wannan aiki ba zai sami dubban masu tafi ba. Amma rubutunsa ne ɗan majalisa zai iya ɗauka ya tsaya da shi a zauren majalisa, shi ne lauya zai iya kai wa kotu, shi ne kuma ɗalibi zai tarar bayan shekara goma in an fara musun abin da ya faru. Har yau ana karanta wasiƙun El-Kanemi da Bello. Barkwancin da aka yi a kasuwar Kukawa a zamaninsu, kome daɗinsa, iska ta tafi da shi.

Na san abin da samari za su ce. Za su ce ga Ɗan Bello. Gaskiya ne, kuma misalin ya cancanci a dube shi da kyau. Bello Galadanci, malamin makaranta mai zama a ƙasar Sin, ya shahara a 2024 da bidiyo na shaguɓe, inda yake fitowa kamar mai koya wa mutane dabarun cin dukiyar jama'a. Cikin watan Agusta na wannan shekara ya taso da batun wata kwangilar sayen magunguna ta ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, har Gwamna Abba Kabir Yusuf ya fito ya ce bai san da ita ba, ya ba da umarnin a yi bincike. Ga raha ta motsa gwamnati. Amma me ya motsa ta? Da kwaikwayon tafiyar wani ko muryar wani kaɗai ya yi, da an yi dariya an wuce. Abin da ya hana barci shi ne a cikin wasan akwai sunan kamfani, akwai adadin kuɗi, akwai takarda. Watau ya yi aikin mai sharhi tukuna, sa'an nan ya ɗora shi a kan dokin raha. Yawancin masu koyi da shi dokin suka gani, ba su ga kayan ba. Sa'an nan a lura da inda ya nufa da bakin bindigarsa: sama, wajen masu riƙe da baitulmali. Bai juya ta ga talakan da ya je asibiti bai sami magani ba.

Wasu kuma za su ce ai shaidar cewa raha tana ci ita ce yadda masu mulki ke tsoronta. Za su tuna mana da marigayi Rabilu Musa Ibro da kotun tafi-da-gidanka ta Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta ɗaure a 2008, da samarin nan biyu da wata kotu a Kano ta yanke wa bulala 20 kowannensu a watan Nuwamba 2022, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, sabo da bidiyon da suka yi a kan Gwamna Ganduje. Ban goyi bayan a yi wa yaro bulala don ya yi wa mai mulki wasa ba, ko a fadar sarakunan da akwai wawan sarki mai faɗin abin da waziri ba ya iya faɗi. Amma jin zafin mai mulki ba shi ne biyan bukatar talaka ba. Wasa na iya sosa girman kan gwamna ya tashi da fushi, kasafin kuɗi kuwa yana nan yadda yake, ba a taɓa ko kwabo ba. Yaran sun sha bulala, mu mun sha dariya, rijiyar burtsatse ɗaya ba ta ƙaru ba.

Sabo da haka saurayin da ke tambayar kansa ko wasansa yana isa kamar yadda maganar gaske ke isa, ni ban ce ya daina ba. Allah ya ba shi baiwa, ƙasar da babu mai sa ta dariya kuwa ta shiga uku. Cewa na yi ya daina duba adadin masu dariya, ya tambayi mutum ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa. Ba su da wuyar samu. Barebari da Shuwa da Marghi da Babur suna cike da kasuwar shanu ta Oko-Oba, suna Alaba Rago, suna kan babura a ko'ina aka ƙyale babur ya bi. Ka nuna masa kafin ka saki. In ya dara har ya ƙara maka wata a kai, ka sami taubashi. In ya yi murmushin yaƙe ya ce ba kome, to akwai kome.

Mu kuma dattawan zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, akwai aikin da ya rage namu, wanda ba na raha ba ne. A watan Fabrairu 2025 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar Alau, aka ƙaddamar da aikin a farkon Maris, aka ce shekara biyu zai ci. Wannan kuɗi ne na jama'a, har da harajin da ake karɓa daga hannunmu a nan Kurmi. Kowane mako motocinmu suna tafiya Maiduguri suna dawowa da wake da kifi da shanu, daga gari zuwa Alau kuwa bai fi tafiyar kilomita 20 ba. Ba abin da zai hana ƙungiyar direbobi ko ta fataken shanu ta wakilta mutum biyu su je su gani da idonsu, su dawo su gaya wa jama'a bayan sallar Juma'a: ga abin da aka gina, ga inda aka tsaya. Sa'an nan a rubuta takarda da sa hannun Sarkin Hausawa da na shugaban jama'ar Barno na kowane zango, a aika wa sanatoci uku na jihar da Ministan Albarkatun Ruwa, a kuma aiko mana da kwafi mu buga a wannan fili.